Takalmin Soja a Ƙofar Gidan Surukina

Shekarun baya, a shekarar da aka hana acaɓa a garin nan, na sayar da babur ɗina na zauna. Zama na gaske nake nufi, ba irin na mai neman aiki ba. In gari ya waye in fito ƙofar gida a Fagge in jingina da bango, in zagi masu mulki, in zagi 'yan adaidaita sahu, in zagi har wanda ya gaishe ni da fara'a, don a ganina dariya yake yi min a ciki. Azahar na yi in shiga gida in nemi abinci kamar wanda ya ba da ajiya. Wata bakwai ina haka.

Matata ta yi haƙuri har haƙurin ya ƙare. Ranar da za ta tafi ko murya ba ta ɗaga ba. Ta goya 'yarmu, ta ɗauki jaka ɗaya, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ba rashi ne ya kore ni ba, na saba da rashi tun a gidanmu. Zaman nan naka ne ba zan iya kallo ba." Ta tafi gidan mahaifinta a Kwaciri. Ni kuwa, da yake jarumi ne, na ce Allah ya raka taki gona, ko kallon ƙofar ban yi ba. Kafin kwana uku ɗakin ya yi min faɗi kamar filin idi.

Sau biyu ina tura manya biko. Surukina mutumin Borno ne, ya zo Kano tun yana saurayi, ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya, kuma ba ya son doguwar magana. Duk sau biyun amsa ɗaya ya ba su: "Ban riƙe masa mata ba. In ya sami abin yi, ya zo da ƙafarsa in gan shi." Ban sake ta ba, ita ma ba ta nemi saki ba. Amma tana can ina nan, kuma na san in abin ya ja lokaci, wata rana takarda za a aiko in rubuta.

Wani abokina, wanda muka yi acaɓa tare a tasha ɗaya, shi ya samo min aiki wurin wani Alhaji mai shagon yadi a Kwari. Aikin aike. In ɗauki bandir ɗin shadda ko turamen atamfa a kafaɗa in kai wa teloli a Fagge, in kai wa masu shaguna a Sabon Gari, wani lokaci in kai wajen tashar jirgi inda masu lodin kaya suke. Kullum Alhaji cewa yake, "Ai nan da nan ne." A bakinsa nan da nan ne. Mutumin da ya shekara goma sha biyu a kan babur, ga shi ya koma takawa a ƙasa da kayan wani a wuya. Na karɓa dai, don ba ni da wata hanya zuwa Kwaciri sai ita.

Damina ce ta same ni a aikin. Silifas na farko a mahaɗar Bata ya tsinke, a tsakiyar titi, ga bandir a kafaɗa, ga hon ta ko'ina. Haka na ƙarasa Sabon Gari ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a ƙasa. Na biyu taɓo ne ya riƙe shi a wani lungu, na zaro ƙafa ya zauna. Na uku ƙusa ta huda shi ta huda ni. Faso ya tsaga min dunduniya har in na taka ruwan kwata sai na ji shi a ƙwaƙwalwata. Na ga in ban yi wa ƙafar nan wani abu ba, aikin zai tafi, in ya tafi kuwa kun san abin da zai bi shi.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tun ina yaro nake son takalmin soja. Na so shiga aikin ma, karatu ne ya tsaya min a aji uku na sakandare, sauran kuma ba na son tunawa. To da na ce zan sayi takalmi mai ƙarko, zuciyata ba ta je ko'ina ba sai nan.

A kasuwar Sabon Gari akwai layin 'yan gwanjon takalma. Na tsaya a rumfar wani dattijo Ibo, haifaffen unguwar, furfura a kai, Hausarsa ta fi tawa daɗin ji. Ya rataye takalman da igiyoyinsu a jikin katako, iska tana juya su a hankali, wannan ya kalli gabas wancan ya kalli yamma, kamar mutanen da suka tafi suka bar ƙafafunsu. Na daɗe a tsaye ina kallo kafin ya ce, "Malam, kallo kyauta ne, amma ka tare min iska."

Na nuna wani baƙi wuluk mai ƙyalli, sabo fil a ido. Ya sauko da shi, ya kama baki da dunduniya ya lanƙwasa. Sai ga ƙasan ya dare, wani gari-gari yana zubowa kamar an murmushe ƙuli-ƙuli.

"Wannan ya shekara da shekaru a ajiye ba a taka shi ba," in ji shi. "Takalmin da ba a sawa mutuwa yake yi daga ƙasa. Kwana uku za ka yi da shi ka dawo kana zagin iyayena."

Na ce, "To Oga, me ya sa ka rataye shi?"

"Akwai masu sayen takalmi don hoto. Su ma 'yan ƙasa ne." Ya kalli ƙafata, ya kalli kafaɗata. "Kai dai ba hoto za ka yi ba. Wane aiki kake?"

Na faɗa masa. Ya jawo benci ya ce in zauna. Abin da ya koya min a ranar, da a makaranta aka koya min irinsa da ban gudu ba. Ya ce kada in kalli sama, in fara juya takalmi in kalli ƙasa. Ya nuna min wanda aka liƙa da gam da wanda aka ɗinke da zare zagaye, ya ce na gam ruwan Kano da ranar Kano za su raba shi gida biyu, ɗinkakke kuwa ko ya cinye kowane shushaina zai sake masa ƙasa. Na ɗauki wani mai ƙarfe a baki, don ya fi kama da na soja, ya ƙwace. "Gini kake yi? Ƙarfen nan in rana ta take, gasa maka yatsu zai yi kamar tsire." Ya sa na ɗaga biyu a hannu in ji nauyi, ya ce abin da ya yi min nauyi kaɗan a hannu, bayan la'asar dutse zai zama a ƙafa. Ya buɗe harshen takalmin ya nuna min wanda aka ɗinke da jiki har sama, ya ce ta nan ruwa yake shiga, ba ta ƙasa ba. Har shinshina fata ya sa na yi, in bambanta ta da roba.

Daga ƙarshe ya zaro wani daga ƙarƙashin tebur. Ruwan ƙasa, ya ɗan koɗe, an taka shi amma ba a wahalar da shi ba. Ba shi da kyan gani. Na miƙa ƙafa zan gwada ya ce a'a.

"Yanzu safiya ce, ƙafarka ba ta tashi daga barci ba. Je ka yi aikinka, ka dawo bayan la'asar in ta kumbura, ka zo da safa mai kauri. Wadda za ta dawo ita ce ƙafarka ta gaskiya."

Na tafi ina cewa a raina wannan mutum ba ya son ciniki. Na dawo da yamma, na sa, ya zauna daidai, da ɗan wuri a gaban babban yatsa. Da a ce da safe na gwada, da na ce ya yi min yawa.

Ina ɗaure igiya, huda goma kowane gefe, sai ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Malam, tambaya ɗaya. Sau nawa kake cire takalmi a rana?"

Na ce wace irin tambaya ce wannan.

"Ni a garin nan aka haife ni, ina ganinku. Salla biyar. Alwala. Ku shiga shago ku cire, ku ga babba ku cire, za ku ci abinci ku cire. Soja sau ɗaya yake ɗaurewa da safe ya kwance da yamma. Ga wani nan mai zif a gefe, bai kai wannan ƙarko ba, amma ja ɗaya ka fita."

Na kalli mai zif ɗin na tsuke baki. Na ce, "Oga, takalmin soja na zo saya, ba jakar mata ba."

Ya ɗaga hannu biyu. "Ƙafarka ce."

Muka ja ciniki, na yi kamar zan tafi, bai kira ni ba, na dawo da kaina. Gaskiya ya yi min sauƙi, bai kai kuɗin sau-cikin da samari suke sawa ranar biki ba.

Mako biyun farko na sha wuya. Bororo a dunduniya, bororo a ɗan ƙaramin yatsa. Kullum in shafa wa fatar man kaɗanya in ajiye a inuwa. Sai wata safiya na sa na ji shiru. Babu inda yake cizo. Daga ranar tafiya ta zama wani abu dabam.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Mai silifas ƙasa yake kallo, yana lissafin kwalba da ƙusa da kwata. Ni kuwa a karon farko na ɗaga kai. Ashe akwai tsofaffin benaye a Sabon Gari masu baranda ta katako, da tukwanen fulawa a sama, da mata suna shanya. Shekara goma sha biyu ina wucewa ta nan a guje ban taɓa gani ba. In na fito daga Kwari da kaya, in ratsa Bata, hayaniyar nan sai ta koma can nesa kamar rediyon maƙwabta, ni dai taku nake yi. A cikin takalmin, ta wajen harshe, akwai wani rubutu da biro wanda ya goge ba ya karantuwa. Nakan yi ta tunanin mai shi na farko. Wani a wata ƙasa mai sanyi, inda ƙanƙara take rufe hanya fari fat. Ko ya mutu, ko ya tsufa, ko ƙiba ya yi ya daina shigarsa. Ko shi ma matarsa ta taɓa tafiya. Sai in ga kamar tafiyarsa ce nake ƙarasa masa, ya taka ƙanƙara ni ina taka caɓin Fagge.

In aike ya kai ni wajen tashar jirgi, nakan ɗan tsaya bayan na sauke kaya. Tsofaffin taragai a tsaye sun yi tsatsa, ciyawar damina ta fito a tsakanin ƙarafa, awaki suna kiwo. Layin dogo ya miƙe har ya zama zare ɗaya a ido. Sai in ji da zan hau shi in yi ta tafiya, takalmin nan ba zai ce ya gaji ba sai inda layin ya ƙare. A irin wannan tsayuwar nake shirya maganar da zan yi wa matata. Na shirya ta ya fi sau ɗari, kowace ta fi ta jiya daɗi.

Amma maganar dattijon nan mai takalma ba ta faɗi ƙasa ba. A masallacin kasuwa, kafin in kwance huda ashirin an yi raka'a ɗaya, wani lokaci biyu. In an idar kowa ya zura ƙafa ya tafi, ni ina zaune a bakin ƙofa ana tsallake ni. Telolin da suke da darduma a shago na koma miƙa musu kaya daga waje, har aka fara cewa ɗan aiken Alhaji ya sa takalmin soja ya daina gaida mutane. Wani abu kuma, in igiya ta kwance kana ɗauke da bandir, ba ka da halin sunkuyawa. Sai na koyi ƙulli biyu, ɗaya a kan ɗaya, in ja da duk ƙarfina. Ban koma wurin mai takalma na ce ya yi gaskiya ba. Ni ba na irin wannan.

Wata huɗu da sayen takalmin, abokina ya same ni a shago ya ce ya je ya gaida surukina, ya gaya masa ina aiki, tsohon ya ce in zo ranar Asabar bayan la'asar.

"Amma don Allah mutumina," in ji shi, "ka bar wannan tankar yaƙin a gida. Zan ara maka faɗe."

Na ce ba zan je neman matata da takalmin aro ba. Gaskiyar magana, so nake ta leƙo ta gan ni a ciki.

Ranar aka wuni ana ruwa, sai dab da la'asar ya ɗauke. Na sa farar shaddata guda ɗaya da ta rage, na goge takalmi, na yi salla, na ɗaure igiya. Ban san irin jan da na yi wa ƙullin ba. Ɗan adaidaita ya sauke mu a bakin titi ya ce lungun ya cika ba zai shiga ba. Abokina ya cire faɗensa ya riƙe a hannu, ya naɗe wando, yana taka ruwa yana salati. Ni kuwa na ratsa tsakiya kamar mai fareti, ina ce masa, "Ina tankar yaƙin take yanzu?" Ko ɗigo bai taɓa safata ba. Abin da ban lura ba, igiyar ta sha ruwa ta kumbura.

Muka karya kwana sai ga su. Surukina a kan tabarma a bakin zaure, da ƙaninsa, da limamin unguwa. Kun san yadda ake yi. Tun daga nesa kaɗan za ka cire takalmi, ka ƙarasa ka durƙusa. Abokina ya ajiye nasa ya wuce ya zube yana gaisuwa. Ni na sunkuya na ja igiya.

Ba ta motsa ba.

Na ja ɗaya bakin. Ƙullin ya ƙara shigewa. Na sa farce, farcen ya karye. Na koma ƙafar hagu, ita ma haka. Abokina ya gama gaida mutum uku ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gida, ya tambayi ruwa, ya sake tambayar gida, yana waiwayowa. Ni ina nan a duƙe, taku biyar tsakanina da tabarma. Ba zan ƙarasa da takalmi ba, ba zan yi gaisuwa daga nan a tsaye ba, kuma ba zan iya fita daga cikinsa ba. Gumi ya fara ɗiga daga hancina.

Ƙanin surukina, wanda dama bai taɓa ƙaunata ba, ya ce, "Yaya, biko aka ce mana za a zo ko kame? Na ga soja aka turo."

Liman ya yi tari don ya ɓoye dariya. Abokina ya ce ƙasa-ƙasa, "Mutumina, yanke ta mana."

Na san halina. A da, abin da bai kai wannan ba ya sa na juya na bar wuri, kuma na ji juyawar tana taso min daga ciki. Na ɗago na kalli hanyar da muka biyo. Sai na ji kukan yarinya daga cikin gida, gajere, irin na wadda aka hana wani abu. Na san muryar. Kawai na zauna daɓas a ƙasa, a cikin taɓo, da farar shaddata, na jawo ƙafa na ci gaba da fama.

"Kada a yanke," in ji surukina. Karon farko ke nan da ya yi magana. Ya laluba aljihu ya zaro wata ƙusa doguwa, ya jefo min. "Soka ta a tsakiyar ƙullin. Kada ka ja. Murɗa, kamar kana buɗe kwaɗo."

Na soka na murɗa. Ƙullin ya saki kamar dama jira yake. Na yi wa ɗayan haka. Na ƙarasa da safa na durƙusa, bayana duk taɓo, na ce, "Baba, ina wuni." Duk maganar da na shirya a tashar jirgi babu ko ɗaya a kaina.

Ya amsa a gajarce, sannan ya ce, "Miƙo min su."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya nuna takalman. Na ɗauko na ajiye a gabansa ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya kankare taɓon da gefen ƙusar, ya ɗauki ɗayan ya haɗa su dunduniya da dunduniya, ya kawo kusa da ido. Ya daɗe. Ya bi ɗinkin da babban yatsa.

"Wa ya zaɓa maka?"

"Mai takalmin ne, Baba."

"Na san ba kai ba ne." Ya ƙara dubawa. "A kafaɗar dama kake ɗaukar kaya."

Na ce haka ne.

"Ka riƙa sauyawa, in ba haka ba gwiwar nan ba za ta kai ka hamsin ba." Ya juya wajen liman, kamar ba na wurin. "Malam, lokacin da muke duba layi, kowa da nasa yankin da zai taka a ƙafa, ya duba ƙusoshi da katako. Babu mai bin ka. Kana iya samun inuwa ka kwanta ka dawo ka ce ka je. Shugabanmu ba ya tambayar kowa. Ƙarshen wata sai ya ce a jera takalma. Masu wayo sukan goga nasu a kan dutse, amma gugar dutse a miƙe take cinyewa. Tafiya a karkace take ci, kowa da irin tasa." Ya ɗaga na daman. "Abokinsa ya ce min yana aiki. Aboki ne, dole ya faɗa. Wannan kuwa ba abokin kowa ba ne."

Ƙanin ya buɗe baki zai yi magana, tsohon ya dafa bango ya miƙe. Ya shiga gida da takalmina na ƙafar dama a hannu.

Ban san minti nawa ya yi ba. Na zauna da takalmi ɗaya a gabana. Ruwa yana ɗiga daga indararo cikin wani tsohon bokiti, ɗis, ɗis. Rana ta ɓullo ta ƙarƙashin gajimare ta haska bangon gidan da ke kallonmu, ya yi ja kamar an shafa masa manja. Ana daka a cikin gida, sai na ji dakan ya tsaya. Na ƙura wa labulen zauren ido har ya fara yi min kamar yana numfashi. A lokacin na ji ko shekara za a ce in yi a nan zaune zan yi.

Ya fito ya ajiye takalmin a gabana. "Ka je," in ji shi. "Za ka ji saƙo."

Sai da muka fita daga lungun na duba da kyau. An goge shi. Ba gogewar tsoho da ƙusa ba, an sa tsumma da ruwa an bi shi lungu-lungu har cikin ɗinki. An zare igiyar an sake zura ta, ana tsallake huda ɗaya-ɗaya, yadda ja ɗaya zai sassauta ta.

Abokina yana ta tambaya, "To me ke nan? An ba ka ko ba a ba ka ba? Tsohon nan bai ce komai ba fa." Na nuna masa ƙafafuna, ɗaya tas ɗaya dumu-dumu. Bai gane ba, ni ma ban yi masa bayani ba. Na ƙi hawa adaidaita. Daga Kwaciri har Fagge a ƙafa na koma, ina taka ruwa da hagu ina tsallakewa da dama, mutane suna kallona kamar mai taɓin hankali.

Kwana tara bayan nan matata ta dawo, ƙanwar mahaifinta ta rako ta. Da aka watse na tsaya ina jiran wata magana mai daɗi, irin wadda na yi ta ji a kaina wata da watanni. Ta kalli ɗakin, ta kalli kwanukan da ban wanke ba, ta kalli takalman a bayan ƙofa. Ta ɗauke su da yatsa biyu ta kai tsakar gida.

"Waɗannan ba za su kwana a ɗakina ba," in ji ta. "Ranar da Baba ya shigo da ɗaya sai da na kunna turare. Safar nan tun yaushe rabonta da ruwa?"

Na ce, "Amma ai kin goge shi."

"To in bar ka ka koma da shi haka, a ce daga gidanmu ka fito?"

Iyakar abin da na samu ke nan, kuma ya ishe ni.

Takalmin ya shekara shida a ƙafata, sau biyu ana sake masa ƙasa, kafin fatar ta gaji ta tsage. Ban yi arziki ba, kada wani ya ɗauka nan labarin zai je. Waɗanda muka yi acaɓa tare wasu sun gina gidaje, wasu in sun gan ni da kaya a kafaɗa sai su ɗaga gilashin mota. Har yanzu aike nake yi, gwiwar dama kuwa ta fara ba ni labari, don ban ji maganar tsohon ba sai da ya rasu. Mai son sayen irin takalmin nan, ya juya shi ya kalli ƙasa, ya lanƙwasa, ya nemi ɗinkakke, ya gwada da yamma. Ban da wannan ba ni da wa'azin da zan yi wa kowa.

Abin da ya zauna min a rai dai shi ne, a duk rayuwata mutane bakina suke saurare, bakina kuwa bai taɓa jawo min alheri ba. Sau ɗaya tak aka ƙyale bakin aka duba inda na taka, kuma ranar ce kaɗai na ci shari'a.

Kwanakin baya muna zaune da yamma matata take ce min wai tun daga bakin lungu take gane irin wunin da na yi. In takun ya zo da sauri ta san lafiya, ta zuba abinci. In ya zo yana ja, sai ta ce wa yara kowa ya kama kansa, ta ajiye min ruwa a bakin ƙofa ta shige ɗaki sai na huce. Shekara da shekaru tana haka ban sani ba. Na ce mata ni ban taɓa jin wani bambanci ba.

Ta ce, "Ai kai tafiyar kake yi. Ni ce mai jira."